Gurbin Bayanin Iyaye

Tun ranar da Dattijo ya ɗaga yatsa ya ce kada ya sake ganin 'yarsa Auta tana magana da Kafinta, ba su sake magana ba. Wata bakwai ke nan cur. Ko a ƙofar majami'a suka yi kiciɓis, ita ta kalli takalminta, shi ya kalli rufi, kowa ya wuce.

Dattijo yana da dalilansa, kuma ba ya gajiya da lissafa su. Kafinta matarsa ta rasu ta bar masa 'ya. A bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa. Sau ɗaya aka taɓa cewa ya rufe taro da addu'a, ya miƙe ya yi gumi, ya ce Allah mun gode, ya yi shiru har mutane suka fara buɗe ido, sannan ya ce amin. Mutumin da bakinsa ba ya buɗewa a gaban Allah, in ji Dattijo, da me zai tarbiyyantar da jikokinsa?

Ga kuwa Mai Kemis, wanda in ya fara addu'a sai abinci ya huce. Shi ke riƙon ɗan yayarsa, kuma kullum cikin ba da labarin yadda yake kula da yaron yake. Shi ne wanda Dattijo ya zaɓa wa 'yarsa a ransa. Bai tilasta mata ba, ya dai ce zai jira har hankalinta ya dawo jikinta.

Abin da bai sani ba shi ne, da hannunsa ya buɗe musu hanya.

Shi ne shugaban makarantar Lahadi, kuma shekara ashirin da suka wuce shi ya ƙirƙiro littafin hadda. Kowane yaro da nasa. A saman shafi a rubuta ayar mako, a ƙasa gurbi biyu: bayanin iyaye, inda uba zai sa hannu cewa ya saurari yaro a gida, da bayanin malama. Duk baƙon da ya zo sai Dattijo ya nuna masa tsarin nan, kamar wanda ya gina gada.

Auta ce malamar ƙaramin aji, a ɗakin bayan majami'a mai taga ɗaya da benci huɗu. A ajin akwai 'yar Kafinta, mai shekara shida, wadda kowa ke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa.

Makon farko bayan dokar, Kafinta ya rubuta a gurbinsa: “Ta iya. Yaya jikin malama?” Auta ta duba hagu da dama ta rubuta a nata: “Ta yi ƙoƙari. Malama lafiya lau.” Daga nan abu ya yi ta tsawo. Gurbi ya cika aka shiga gefe, gefe ya cika aka juya baya. Littattafan sauran yara ko rabi ba su kai ba, na Aku ya ƙare, Kafinta ya sayo wani ya manne su da gam ɗin katako. Yarinya ta riƙa rungumar littafinta da hannu biyu, tana gaya wa kowa cewa ita ta fi kowa aya.

Wannan Lahadin Auta na tsakiyar koya musu waƙa sai inuwa ta rufe ƙofa. Dattijo ne, da tabarau a kan hanci da kwali a hammata.

Ya ce bana ba za a ba da kyauta don hadda kaɗai ba. Shi da kansa zai bi littattafai shafi-shafi ya ga gidan da ake zama da yara, da gidan da aka bar wa majami'a aikin. Kowa ya kawo nasa yanzu.

Yara suna ta turereniya wajen kwali, Auta ta zare littafin Aku daga tarin da ke kan tebur, ta ɗora a kujera ta zauna a kai, ta gyara zani kamar ba komai.

Dattijo ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ce saura ɗaya.

“Nawa ne, Kaka,” in ji Aku, ta ɗaga hannu yadda aka koya mata. “Malama ce ta zauna a kai. Ina jin ba ta sani ba.”

* * *

A kicin Auta ta sami Mama tana yanka albasa, ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka.

“Mama, na shiga uku. Na mutu na lalace. Yau Baba zai kore ni daga gidan nan, ya kore ni daga aji, ya karanta sunana a gaban jama'a.”

Mama ta ajiye wuƙa ta tambaye ta me ta yi. Auta ta faɗa, a guntu-guntu, tsakanin shessheƙa.

“A littafin yarinya?”

“A littafin yarinya, Mama.”

“Ƙarƙashin ayar Allah?”

“Ba mu rubuta komai na banza ba. Ya ce kada mu yi magana, ba mu yi ba. Ni ina son sa, Mama. Na yi addu'a a cire mini shi daga rai, sai ƙaruwa yake yi. Mai Kemis in ya zo, tun daga gaisuwa kaina ke ciwo, kuma ya ce yana da maganinsa.”

Kafaɗun Mama suka fara rawa. Auta ta ɗago a tsorace ta ɗauka ta sa uwarta kuka, ashe dariya ce take ta dannewa. Ta goge ido da bakin zani ta ce albasa ce. Sannan ta ce wa 'yarta ta tashi ta wanke fuska, tunda ba a riga an yanka ta ba.

“Ki sato mini shi, Mama. Yana kan teburinsa.”

“Ni in yi sata ranar Lahadi? Bar shi ya karanta. Shekara ashirin yana yabon littafin nan, ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ba.”

Auta ba ta gane abin da take nufi ba, ba ta kuma da ƙarfin tambaya.

* * *

Litinin da la'asar Dattijo ya baje kwalin a falo, ya fito da jan biro. Bai kai ga buɗe na uku ba sai ga Mai Kemis da sallama, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya kawo wa Dattijo maganin ƙarin jini, wanda shi ne na huɗu a wata biyu, alhali ba wanda ya ce jinin Dattijo ya ragu.

Aka kira Auta ta kawo ruwa. Ta ajiye za ta fita, babanta ya ce ta zauna ta ji magana mai amfani. Ta zauna a bakin kujera, idonta a kan littafi mai kauri da ke can ƙasan tari.

Mai Kemis ya ga littattafai sai baki ya buɗe. Ya ce tarbiyya daga gida take farawa. Ya ce iyayen zamani sun yi sakaci. Ya ce shi a gidansa, ɗan yayarsa ba ya taɓa abinci sai ya kawo aya. Dattijo yana ta gyaɗa kai yana satar kallon 'yarsa, wai ta ji. Don ya ƙara faranta wa baƙo rai, ya lalubo littafin yaron ya buɗe.

Kowane shafi tsaf. “Ya iya sosai,” da sa hannu mai wutsiya kamar na likita. Dattijo ya ce madalla, ya juya. Ya iya sosai. Ya juya. Ya iya sosai. Ya iso makon jiya, ya juya don ya rufe, sai ya tsaya.

Shafin mako mai zuwa ne. Ba a rubuta aya a sama ba, don ba a ba da ita ba tukuna. Amma a ƙasa yaro ya riga ya iya sosai.

Dattijo ya gyara tabarau ya ci gaba da juyawa. Har ƙarshen shekara yaron ya iya sosai, duk da biro ɗaya.

Mai Kemis ya yi tari. Ya ce ai tsari ne, Baba. Mai harkoki dole ya san darajar lokaci, shi ya sa ya zauna rana ɗaya ya gama da su gaba ɗaya, kuma ya san yaronsa, ba abin da za a ba shi ya gagare shi.

Dattijo ya koma baya, wannan karon yana duba ɗaya gurbin. Rubutun Auta ne, mako bayan mako: “Bai iya ba. A taimaka masa a gida.” A wani shafin: “Ya ce ba wanda yake tambayarsa.” A wani: “Don Allah a karanta wannan.”

Ba wanda ya karanta. Mai Kemis ya tuna ya bar shago ba kowa, ya yi sallama a gurguje, ya manta da hularsa a hannun kujera.

Dattijo ya ce ai Mai Kemis mutum ne mai yawan aiki, kowa yana kuskure. Ya miƙa hannu ƙasan tari.

“Wannan kuma na waye, kamar bulo?”

* * *

Shafi uku ya karanta a zuci. A na huɗu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. A na biyar ya ƙwala wa Mama kira ya ce ta zo ta zama shaida.

Ya miƙe tsaye, ya riƙe littafin yadda yake riƙe takarda a kan bagade, ya fara karantawa da muryar wa'azi.

“‘Ta iya. Malama, ɗankwalin nan mai ruwan ƙasa ya karɓe ki. Ban ji komai daga wa'azin yau ba.’” Ya leƙo ta saman tabarau. “Duba kwanan wata. Ni na yi wa'azi ranar.”

Mama ta ce to ai ba shi kaɗai ba ne bai ji ba. Dattijo ya yi kamar bai ji ta ba.

“Ga amsar 'yarki. ‘Ta yi ƙoƙari. A riƙa sauraron wa'azi. Ɗankwalin na Mama ne, amma an gode.’”

“Ashe ke kika ɗauke shi,” in ji Mama.

Auta ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan leda. Ta ce Baba ka yi haƙuri. Ya ce ta yi shiru, ba a gama ba, yau sai ta ji kunyarta da kunnenta daga farko har ƙarshe.

Ya karanta inda Kafinta ya ce ƙafar benci na biyu a ajin tana rawa, zai zo ya gyara da sassafe kafin malama ta iso, don kada a ce sun haɗu. Ya karanta inda ya ce ya buge yatsa da guduma saboda tunani. Ya karanta inda Auta ta ce a sa ruwan sanyi, a kuma rage tunani lokacin aiki. Kowane layi Dattijo sai ya ja tsaki. Ya juya shafi ya ci gaba da ƙarfi.

“‘Ta iya. Ni ne ban iya ba. Karatuna a hankali yake, shi ya sa nake rubuta ayar a guntun katako in jingina a kan teburin aiki. Da safe kafin ta tafi makaranta muna yi tare, ni da ita. Makon nan ta riga ni da kwana biyu, ta ce ba za ta sa mini hannu ba sai na gyara.’”

Tsakin bai zo ba. Ya juya.

“‘Yau ta mari 'yar maƙwabta. Na tambaye ta ayar makon jiya a kan me take, ta ce a kan yafewa. Na ce to ba a baki take zama ba. Muka je tare ta ba da haƙuri. A hanya ta tuna mini cewa ni ma ba na gaida mai walda tun bara. Na je na gaishe shi.’”

Muryar wa'azi ta soma sauka. Ya sake juyawa, kuma da ya san abin da ke shafin da bai karanta a fili ba, amma ya riga ya fara.

“‘Malama, ki taimake ni. Ta tambaye ni ko mamarta tana jin ta in tana hadda. Ban san amsa ba, ban kuma so in yi mata ƙarya. Na ce ban sani ba, amma Ubangiji yana ji, kuma mamarta tana wurinsa. Ta ce to mu gaya masa ya gaya mata. Muka durƙusa. Ni a gaban mutane ba na iya addu'a, kin sani, kowa ya sani. A gaban yarinyar nan kaɗai bakina yake buɗewa. In na yi kuskure a amsar, ki gyara mini.’”

Auta ta san shafin nan, takardar har ta ɗan kumbura inda hawayenta ya zuba wata uku da suka wuce. A gurbinta kalma biyar kawai ta iya rubutawa: ba ka yi kuskure ba.

Dattijo ya rufe littafin ya zauna. Amma mutum ne da ba ya son a ga ya sauko. Ya ce duk da haka, doka doka ce. Ya ce abin da Kafinta yake yi ai aikin kowane uba ne, ba abin a yi masa guɗa ba. Shi nan 'ya'ya biyar ya tayar a kan littafin nan, kowane mako da sa hannunsa, bai taɓa neman yabo ba.

Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta dawo da wani tsohon littafi da bangonsa ya yi laushi, sunan Auta a kai da rubutun 'yar shekara bakwai. Ta buɗe ta ajiye masa a cinya.

“Ga shi nan,” in ji Dattijo, ya buga yatsa a shafi. “Sa hannuna ne. Kowane mako.”

Mama ta zare jan biron daga hannunsa, ta jawo kwalin maganin ƙarin jini, ta zana sa hannunsa a bayansa cikin ƙiftawar ido, har da ɗigon da yake sawa a ƙarshe. Ta tura masa.

“Shekara goma sha ɗaya ina yi maka wannan, Baban yara. In ba taron dattawa ba, taron gini. In ba taron gini ba, taron shirya taro. Ni ke sauraronsu ina wanke-wanke, in sa sunanka don kada a ce gidan shugaba ba a yi.”

Ya dubi kwalin, ya dubi littafin.

“Na sani, Baba,” Auta ta ce a hankali, kanta a ƙasa. “Duk ranar Asabar nakan zauna a bakin ƙofa da littafina, in yi ta maimaitawa don in ka dawo in yi maka. Sai Mama ta ce in zo in yi mata, kai ka gaji. Ban taɓa jin haushinka ba. Na dai so ka ji ni sau ɗaya.”

Dattijo ya tattara littattafan biyu, na Aku da na Auta, ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa.

* * *

Kwana biyar bai ta da maganar ba. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, yana fita, yana dawowa da wuri, abin da bai saba ba. Auta ta rame a tsaye. Mai Kemis ya aiko a karɓar masa hula. Mama kuwa sai waƙe-waƙenta take yi a kicin, in Auta ta tambaye ta me take gani zai faru, ta ce ita ba annabiya ba ce.

Ranar Lahadi, ana gab da fara aji, ya shigo ya dire kwalin a kan tebur. Ya ce a raba wa yara. Ya kira ɗan yayar Mai Kemis gefe, ya ce daga yau duk Asabar ya riƙa zuwa gidansa da littafi, shi zai saurare shi. Ya fita bai kalli 'yarsa ba.

Auta ta raba har saura na ƙasa, na Aku. Ta buɗe shafin ƙarshe. An ja layi da jan biro ƙarƙashin gurbi biyun, an ƙara na uku da hannu.

“Bayanin shugaba. Yarinya ta iya. Uba ya iya. Malama ta cika surutu. A saya wa yarinya sabon littafi, wannan ya zama nawa in an gama gani. Kafinta ya zo gida ranar Asabar da manyansa. Ya zo da ayar makon nan a ka. Ni ma zan zo da tawa. Malama za ta fara yin tata, ni zan saurara.”

Ta karanta sau biyu, layukan suna narkewa a idonta. Ta taga ta hango Kafinta can a gindin katanga, wai yana duba wata ƙofa da ba abin da ya same ta.

Aku ta ja mata zani. “Malama, kina jiƙa mini littafi.”

Auta ta durƙusa ta miƙa mata, ta ce ta ruga ta kai wa babanta yanzu, kada ta tsaya ko'ina, kada kuma ta karanta wa kowa a hanya. Kafin ta saki, ta sake duban ƙasan shafin, inda Dattijo ya sa hannu a karkace, biron ya ɗan huda takarda.

Wannan ne karo na farko da ta ga sa hannun babanta na gaskiya a littafin hadda. Na Mama ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.